Mayafin da Goggo Ta Bar Mini

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Goggo ta riga mu tafiya. Ta cika ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na gidanmu da ke unguwar Jekadafari, bayan jinyar kwana shida da ba ta yarda a kira ta jinya ba. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Abin da ya fara bayyana bayan an rufe mata ido shi ne duk gidan babu wanda ya san yadda ake kai labarin mutuwa. Shekara arba'in ita ke kaiwa. Baba, wanda yake ƙanenta ne, ya tsaya a tsakar gida yana juya hula a hannu, can dai ya tura wani ɗan Kawu, magidanci mai 'ya'ya uku, saboda shi ne mai sabon babur. Bawan Allah ya bi gida gida, bai ko kashe babur ba, yana leƙa zaure yana cewa, “Goggo ta rasu, jana'iza ƙarfe biyu!” Da mata suka taru, wata tsohuwa daga unguwar Malam Inna ta share hawaye ta ce, “Da tana raye, da ta ce wannan ba sanarwar mutuwa ba ce, tallan maganin basir ne.” Ɗaki ya ɗauki dariya ana cikin kuka, don kowa ya ji muryarta a maganar.

Kwana uku muna zaman makoki, kowa da abin da ya tuna. Matar mahaucin unguwarmu ta ce aurenta sau biyu yana mutuwa Goggo na tayar da shi. Wata mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta yi kukanta da Fulatanci, ta ɗauka ta tafi. Wani tsohon ɗan siyasa ya gaya wa Baba a zaure cewa duk yawon kamfen da ya yi, mutum ɗaya ya taɓa jin tsoro, kuma mutumin nan ko fitowa taro ba ta yi.

A rana ta biyu wata mata ta shigo, ta tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ƙawata ce ta ƙuruciya, wadda shekara tara ke nan ba mu yi wata magana da ta wuce sannu ba, kuma laifin nawa ne. Goggo ta mutu tana jiran in gyara. Saboda wannan matar nake wannan rubutu, amma sai na fara faɗin wace ce Goggo, in ba haka ba ba za a gane ba.

Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure, ta haifi uku, duka ukun suka koma tun suna ƙanana, mijin ma ya bi su. Ta dawo gidan ƙanenta, aka ba ta ni tun ina rarrafe. Sana'arta da aka sani ita ce man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma aikinta na gaske kai magana ne. A lokacin yawancin matan aure ba sa fita, maza kuma akwai maganar da nauyi ba ya barinsu su faɗa da bakinsu, sai a nemi Goggo. Tana jin Hausa da Fulatanci, tana taɓa Teranci, ta kuma iya gaisuwa da Tangale da Waja daidai yadda za a ba ta tabarma.

Mayafai uku take ajiyewa a cikin wata tsohuwar adaka. Mai ruwan goro na barka ne da neman aure. Baƙi na shuni na biko ne da sulhu. Fari kuwa na gaisuwar mutuwa ne kaɗai, ko Idi ba ta zuwa da shi. Duk unguwa an san wannan, har ya zamana tun daga nesa masu gida sun san irin maganar da ke tafe, sun shirya zuciyarsu kafin ta yi sallama. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, “Wanda aka shammata da magana ba ya jin ta, kansa yake karewa.”

Duk wanda ya zo da aike, tambayarta ɗaya ce kafin komai: “Wace iri ce?” Ba ta tambayar ko gaskiya ce, ko wa ke da laifi, sai daga baya. Ina tuna wani tela da matarsa ta yi yaji, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce biko yake so a kai masa. Ta ce ya faɗa ta ji. Ya gyara zama ya fara: ranar kaza ta bar tuwo ya ƙone, ranar kaza ta ɗaga masa murya gaban abokansa, uwarta ce ke zuga ta. Goggo na ta murza ƙuli ba ta ɗaga kai ba. Da ya kai aya ta ce, “Ɗan nan, ka yi ɓatan hanya. Wannan ƙara ce, gidan alƙali yana can gaba. In biko kake so, ka faɗi naka laifin, ka faɗi abin da gidanka ya rasa da ba ta nan, sannan ka roƙa. Je ka kwana da shi, gobe ka dawo.” Sau uku yana dawowa kafin ta buɗe adaka ta ɗauko baƙin mayafi. Matar ta koma, yanzu jikokinsu sun kusa goma.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ina babbar firamare. Baba ya sayo rediyo mai ƙaton batir, maƙwabta suka cika tsakar gida ana sauraron jawaban manya. Da aka gama, maza suka yi ta jinjina kai suna cewa wane ya iya magana. Goggo daga bakin murhu ta ce, “Ya iya wace iri?” Ta ce ita abin da ta ji barkar haihuwa ce: an yabi iyaye, an yi wa jariri addu'a, ba wanda ya ambaci zafin naƙuda ko abin da za a ciyar da yaro. “A barka, ya yi kyau ƙwarai. Amma kar wani ya tashi gobe ya ce alkawari aka yi masa. Mai barka ba ya yin alkawari.” Kawu ya ce mata ba sa gane siyasa. Ta ce haka ne, amma sun gane suna.

Jawabin neman ƙuri'a kuwa, a wurinta, ɗan gida ɗaya ne da neman aure. A yabi dangi, a yi alkawarin ɗaki mai rufin kwano, a ɓoye aibi har a shafa fatiha. Ba ta ganin laifin wannan, ta ce haka irin maganar take, wanda ya je neman aure yana lissafa cututtukansa ba mai gaskiya ba ne, wawa ne. Tsohon ɗan siyasan nan da ya zo gaisuwa ya taɓa yin taro a ƙofar gidanmu, ya kwashe rabin lokacinsa yana zagin abokin takararsa. Washegari ta aika masa da man gyaɗa kwalba ɗaya da saƙo: “Ka nemi aure da kyau, sai dai ba a zagin ɗayan manemin a gaban iyayen yarinya. Tausayinsa za su ji.” Ya faɗi zaɓen. Har ya tsufa yana cewa bakinta ne, ita kuwa tana cewa nasa ne.

Ba ta yarda a gwada magana da wadda ba irinta ba. In aka ce wa'azin wane ya fi waƙar wane daɗi, sai ta ce, “Ku gwada tuwo da tuwo.” Liman ɗaya ta taɓa yi wa gyara, ta bakin matarsa, don ya mai da huɗubar ɗaurin aure wa'azin azabar kabari, har ango ya fita a tsorace.

Bayan na gama makaranta na kama aikin wayar da kan mata a kan tsafta da rigakafi. Aka tura mu kwas Kaduna, inda wani malami mai gilashi ya koya mana yadda ake nazarin jawabi. Ya ce kar ka yanke wa jawabi hukunci shi kaɗai. Ka tara irinsa da yawa, ka duba wane hali ne ke sa a yi su, me suka haɗu a kai, me masu sauraro ke jira, sannan ka dawo ka ga wannan ɗin ya cika abin da irinsa ke bukata ko ya kauce, in ya kauce kuma me kaucewar ta jawo. Abokan karatuna suna ta rubutu, ni kuwa dariya nake dannewa. Da na dawo na ba Goggo labari, ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah! Har kwas ake zuwa?” Ta ƙara da cewa in gaida malamin, da alama ya yi zaman gidan mutane.

Kai ka ce wadda ta tashi a hannun wannan mata, ta kuma ƙaro da kwas, ba za ta taɓa kuskuren irin magana ba. To ni ce na yi, kuma na yi shi a inda ya fi muni.

Ƙawata 'yar wani kafinta ce daga ƙasar Tangale, Kirista, da ya zauna a gidan da ke jikin namu. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma ta zube ta gefe ɗaya ba wanda ya damu ya gyara. Tare muka yi ɗiban ruwa, tare aka yi mana kitso a cinyar Goggo. Da Sallah tana cin namanmu, da Kirsimeti ina cin shinkafarsu. Ba mu taɓa kiran juna da suna ba, sai dai “ƙawa”. Ta riga ni aure, ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa suka tare a unguwar Bagadaza, ta haifi ɗa namiji. Yaron yana da shekara uku baƙon dauro ya shigo gari, ya ɗauke shi cikin mako guda.

A watannin nan ba abin da nake yi sai yawon gida gida ina roƙon mata su kai yara allurar rigakafi. Na gaji, na ga gawar yara har na daina ƙirgawa, raina a ɓace yake da kowa. Ƙawata ma na gaya mata, ta ce za ta kai shi in uban ya dawo daga tafiya. Da muka je gaisuwa ni da Goggo, ɗakin cike da mata, 'yan cocinsu da maƙwabta. Goggo ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa cikin farin mayafinta, ta ce, “Sannu, ɗiyata. Allah ya ta'azantar da ke,” yadda su suke faɗa. Ta ce ranar nan yaron ya zo gidanmu ya ce ƙulinta ya fi na kasuwa. Daga nan ta yi shiru.

Ni kuwa ina zaune a kan kujera da rigar aiki. Na ce sannu, na ce ya haƙuri. Da na tsaya nan da shi ke nan. Sai na ga mata sun kai ashirin a ɗaki ɗaya, yawancinsu da goyo, abin da nake yini ina nema ban samu. Bakina ya kama hanyar da ya saba. Na ce wannan abu ya zama darasi gare mu duka. Na ce ciwon nan yana da rigakafi, kuma kyauta ne. Na ce da an kai shi da wuri, da wataƙila yanzu yana wasa a tsakar gidan nan. Na bayyana alamomin ciwon ɗaya bayan ɗaya, har da ranakun da ake yin allura. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, don na yi wannan lacca ta fi sau ɗari.

Da na gama, ƙawata ta ɗago ido ta dube ni, ta ce, “Na gode, Malama.”

Tunda muke ba ta taɓa ce mini Malama ba.

A hanyar komawa Goggo ta jira sai da muka wuce masu sayar da itace, inda ba kowa. Ba ta taɓa yi mini faɗa a gaban mutane ba, ranar ma ba ta yi ba. Ta tsaya a inuwar wata dalbejiya ta ce, “Me kika je yi gidan nan?”

Na ce, “Gaisuwa.”

“Ba ki yi ba.”

Na ce, “Goggo, ƙarya na faɗa? Cikin abin da na ce wanne ne ba gaskiya ba? In mace ɗaya ta kai ɗanta saboda maganata, ban ceci rai ba?”

Ta ce, “Duk gaskiya ne. Ko ɗaya ba ki yi ƙarya ba. Ki tara su ranar Talata a gidan mai unguwa ki faɗa musu, ni zan fara zuwa, zan ma jawo miki wasu. Amma yau uwa ce ta binne ɗanta. Abu ɗaya take tambayar kanta tun jiya, ko ita ta kashe shi. Aikin mai ta'aziyya ya zauna kusa da ita har tambayar ta yi sauƙi. Ke kuma kin je kin ba ta amsa, a gaban mutane.” Ta gyara mayafi ta ce, “Uku na binne. Na manta fuskar waɗanda suka ce mini sannu. Wadda ta ce da na kai na biyun wurin mai magani da wuri, har launin zanenta ina gani.”

Na ji maganar har cikin ƙashina, amma girman kai ya hana ni rusunawa. Na ce zamani ya canza, shirun nan namu shi ke kashe yara. Muka yi wata guda muna gaisuwa sama sama a gida ɗaya. Wannan ne faɗa kaɗai da muka taɓa yi.

Da na huce, na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta kamar telan nan, na ce ta kai mini ban haƙuri Bagadaza. Ta ce, “Wace iri ce? Faɗa in ji.” Na ce a gaya mata ban yi da mugun nufi ba, aiki ne ya yi mini yawa. Ta ce wannan wanke kai ne. Bayan wasu watanni na rubuto wasiƙa shafi biyu na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe ta ce rabin farko ya kama hanya, amma daga inda na ce “sai dai ita ma ta sani” na koma ƙara. Na fusata na ce to ita ta tsara mini. Ta ce, “Ko na tsara ba zan kai ba. Ba sulhu ne ke tsakaninku ba, balle in ɗauki baƙin mayafi. Ba faɗa kuka yi ba. Ta'aziyya ce ba ki yi ba, ita kuwa ba a aika ta in mutum na da ƙafa. Daga nan zuwa Bagadaza ko ruwa ba za ki nema ba.”

Ban je ba. Na yi aure, Goggo ta karɓi maganar da mayafinta mai ruwan goro, ta yi rawa a bikina kamar ba abin da ya faru. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka ƙara mana albashi, na sayi ƙaramar mota, na zama wadda ake kira ta yi jawabi a taron mata. Lokacin ne jawabi ya cika gari. Yau a buɗe makaranta, gobe a aza harsashin asibiti, kowa da takarda a hannu yana “mai girma shugaban taro”. Goggo ta ce ba ta ƙi jawabi ba, shi ma iri ne, yana da ranarsa. Abin da ya dame ta shi ne ya fara cinye sauran. Ta je suna a Malam Inna ta tarar uban jariri yana karanta godiya daga takarda, har da tafi. Ta dawo tana cewa saura kaɗan miji ya miƙe tsaye ya yi wa matarsa jawabin ina kwana.

A shekara ta huɗu da aurena na haifi ɗa bai zo da rai ba. Ina kwance a asibiti wata abokiyar aikina ta tsaya a kaina, ta yi mini bayani tiryan-tiryan a kan hawan jini da yadda ya kamata in rage zirga-zirga tun wata na bakwai. Duk gaskiya ne. Na juya fuskata bango. Da aka sallame ni, dangi suka yi ta cewa ai wanda bai yi numfashi ba ba a yi masa zaman makoki, in godewa Allah da na tashi. Da la'asar sai ga Goggo ta shigo gidan mijina da farin mayafi. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa kusa da gadona, ita da ta goya ni. Ta ce, “Sannu, ɗiyata. Na gan shi kafin a rufe shi, goshin babanki ne da shi. Allah ya sa mai ceto ne.” Ta riƙe ƙafata har aka kira magariba. Ina ta jira ta ce “kin gani ko?” Ba ta faɗa ranar ba, ba ta kuma taɓa faɗa ba har ta koma ga Allah.

Daga ranar na san sarai abin da na yi wa ƙawata. Sai dai girman kan da ya tare ni a da ya koma kunya, ita kuwa ta fi shi nauyi. Ina cewa da wane ido zan je bayan shekara biyar, bayan shida, bayan bakwai. In mun haɗu a kasuwa sai ta ce, “Sannu, Malama,” in ce sannu, kowa ya kama gabansa. Goggo kuwa duk Kirsimeti sai ta ɗaura ƙuli a leda ta tafi Bagadaza. Ba ta taɓa kawo mini labarin can ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Wannan ce matar da ta zauna kusa da ni a rana ta biyu ta makoki. Ta ce, “Sannu. Ya haƙuri?” Na amsa. Ta ce, “Ranar da mahaifiyata ta rasu, Goggo ce ta yi mini kitso da hannunta don kar in shiga mutane kai a tsefe. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.” Ta zauna tare da ni kamar rabin awa, kafaɗarta na taɓa tawa, sannan ta tashi ta tafi. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ba ta rage ba. Da Goggo na nan da ta ce wannan ita ce ta'aziyya.

Bayan sadakar bakwai Inna, mahaifiyata, ta buɗe adakar. Ashe Goggo ta bar wasiyya tun tana kwance. Mai ruwan goro na ƙanwata ne, wadda ba a biki ba ita. Baƙin na matar mahauci ne, tunda ta san hanyar biko ciki da waje. Inna ta miƙo mini farin, a ninke, yana ƙanshin man gyaɗa da turaren wuta. Ta ce, “Ta ce in gaya miki wannan ba gado ba ne. Aike ne.”

Washegari da hantsi na bar motar a gida, na yafa shi, na taka zuwa Bagadaza. Gaskiyar Goggo, ko ƙishirwa ban ji ba. Mata biyu a hanya suka tsaya suna kallona, ɗaya ta ce, “Inna lillahi, wane gida kuma?” Na yi sallama na shiga. Ƙawata tana tsakar gida tana wanki. Tana ganin mayafin ta miƙe, kumfa na zuba daga hannunta, ta ce, “Wa ya rasu?”

Na tuɓe takalmi, na zauna a ƙasa a gabanta. Na ce, “Ɗanki. Na zo gaisuwa.”

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Na ce, “Sannu, ƙawa. Duk ranar da na zo gidan nan sai ya ɓoye mini takalmi ɗaya a bayan randa don kar in tafi. Allah ya ta'azantar da ke.” Akwai maganganu da yawa a bakina, na shekara tara, masu kyau, waɗanda na tsara na sake tsarawa. Na haɗiye su duka na yi shiru.

Ta goge hannu da zanenta, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni. Muka yi kuka mai isarmu, ita na ɗanta, ni na nawa, mu duka na Goggo. Can ta ce, “Kin makara, ƙawa.”

Na ce, “Na makara.”

Ta ce, “Duk Kirsimeti in ta zo sai na tambaye ta ko kin aiko ta. Sai ta ce a'a, ba aike ba ne wannan, da ƙafarta za ta zo. Ki dai bar mata ƙofa a buɗe.”

Ta tashi ta ɗebo mini ruwa a randar nan, na sha.

Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da 'ya'yanta uku. Ta kai wa mutane magana shekara arba'in, ta ƙi kai tawa, kuma duk cikin alherin da ta yi mini babu kamar wannan. Mayafin yana cikin adakata yanzu, na wanke shi na ninke. Makon jiya an yi rasuwa a Malam Inna, ni na kai labarin.